Yadda ake girka LibreELEC a kan katin memori domin kallon fina-finai a gida

Duk wanda ya tara fina-finai da karatuttuka da hotunan biki a wayoyi da filas-filas daban-daban, yana iya tattara su wuri guda a talabijin ɗin falonsa ta hanyar amfani da ƙaramar kwamfutar nan mai suna Raspberry Pi, wadda girmanta bai wuce katin cirar kuɗi na banki ba. Wannan na'ura ba ta zuwa da ma'ajiyar fayiloli a cikinta, saboda haka dukkan manhajar da ke tafiyar da ita tana zama ne a kan katin memori irin na waya, wato microSD. Manhajar da za mu girka ita ce LibreELEC, wadda aka fara a shekarar 2016 bayan masu haɗa ta sun rabu da OpenELEC, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta kunna Kodi, manhajar kallo da sauraro da aka sani da XBMC kafin a sauya mata suna a 2014.

Kafin a taɓa komai, sai a tanadi Raspberry Pi 4 ko 5, da kebul mai ƙaramin kan HDMI a gefe ɗaya da babban kai a ɗayan, da caja mai ƙarfi, da kwamfuta mai ramin saka kati ko kuma ɗan abin karanta kati da ake sokawa a USB. Ita Pi 4 tana buƙatar caja mai bakin USB-C da ke ba da volt 5 da amfiya 3, ita kuwa Pi 5 an fi so a ba ta cajarta ta asali mai wat 27. Cajar waya ta gama-gari sau da yawa ba ta kai haka, kuma alamar da za ka gani ita ce jar fitilar da ke jikin Pi 4 tana ɗaukewa tana dawowa, ko fim ya riƙa sarƙewa ba gaira ba dalili.

A ganina katin ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Kati mai gigabait 16 ko 32 ya wadatar, musamman wanda aka rubuta A1 a jikinsa, alamar da ke nuna yana da saurin tafiyar da manhajoji, tunda fina-finan kansu sun fi dacewa da a ajiye su a wata ma'ajiya ta waje. Matsalar ita ce jabun kati sun cika kasuwa: za ka ga an rubuta 64 a jiki, kwamfuta ma ta nuna 64, alhali ainihin abin da ke ciki bai kai haka ba, sai an cika shi sannan fayiloli su fara lalacewa. Don haka kafin girkawa a gwada shi da H2testw a kan Windows, ko F3 a kan Linux, waɗanda ke cika katin da bayanai sannan su sake karanta su don tabbatar da girmansa na gaskiya. Gwajin yana cin lokaci, amma gara a jira shi da a dawo ana neman inda matsala ta fito bayan wata guda.

Da zarar katin ya tsallake gwaji, sai a kwashe duk wani abu mai muhimmanci da ke kansa, domin girkawar za ta shafe komai. A sauke Raspberry Pi Imager, manhajar da ke rubuta LibreELEC a kan katin, daga shafin kamfanin Raspberry Pi, a buɗe ta, a zaɓi samfurin na'urar da ke hannu, sannan a shiga rukunin Media player OS a zaɓi LibreELEC ɗin da ya dace da samfurin, domin na Pi 4 ba ya aiki a kan Pi 5. Wanda datarsa ba ta da yawa yana iya sauke fayil ɗin sau ɗaya daga shafin LibreELEC, mai ƙarewa da img.gz, ya ajiye shi, daga baya ya nuna wa manhajar inda yake duk lokacin da zai girka a wani katin. Wurin zaɓar ma'ajiya kuwa a natsu sosai, a duba suna da girma, kuma zai fi kyau a cire duk wani filas da ke jikin kwamfutar tukuna, don kada a shafe hotunan iyali bisa kuskure. Bayan rubutawa manhajar za ta sake bin katin ta tabbatar da abin da ta rubuta, kuma kada a tsallake wannan mataki saboda gaggawa.

Idan Windows ta fito da saƙo cewa katin yana buƙatar a yi masa fomat, a ƙi amincewa, a cire shi ta hanyar da ta dace.

Yanzu sai a saka katin a raminsa da ke ƙarƙashin na'urar, a jona kebul ɗin talabijin a ramin HDMI da ya fi kusa da wurin caja, a kunna talabijin tukuna, sannan a ba na'urar wuta. A karon farko LibreELEC za ta faɗaɗa sashen ajiyarta har ya mamaye sauran katin, ta kuma sake kunna kanta. Wannan ba matsala ba ce, kuma kada a zare caja a wannan lokaci. Daga nan shafin maraba zai bayyana, inda za a sanya wa na'urar suna, a haɗa ta da intanet ta kebul ko ta Wi-Fi, a kuma zaɓi ko za a kunna Samba da SSH. Samba tana ba da damar tura fayiloli daga kwamfuta ta cikin intanet ɗin gida, don haka tana da amfani. SSH kuwa, wadda ke ba da damar sarrafa na'urar daga wata kwamfuta ta hanyar rubuta umarni, a bar ta a kashe idan ba a buƙatarta, in kuma an kunna, a sauya kalmar sirrin asali, tunda kowa ya san cewa libreelec ce.

Mafi yawan talabijin na zamani suna barin rimot ɗinsu ya sarrafa Kodi ta cikin kebul ɗin HDMI, sai dai kowane kamfani da sunan da ya ba wannan fasaha: Samsung na kiranta Anynet+, LG na kiranta SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Idan rimot bai amsa ba, a nemi wannan suna a saitin talabijin a kunna shi.

Saura batun wuta. Katin memori yana iya lalacewa idan aka ɗauke wuta daidai lokacin da ake rubutu a kansa, kuma a gidan da ake sauyawa tsakanin wutar gari da janareta sau da yawa a rana, wannan haɗari ne na kullum. A riƙa kashe na'urar daga alamar kashewa da ke cikin Kodi kafin a zare caja, kuma idan akwai inbata a gidan a jona ta a layinsa. Bayan an gama tsara komai, a shiga saitin LibreELEC a yi ajiyar kwafin saituka a kan filas na daban, ta yadda idan katin ya lalace, za a girka sabo a dawo da su cikin ƴan mintuna.