Yadda Ake Kafa RFID a Sito Ba Tare da An Yi Asarar Sitika Ba

Yawancin masu shiga harkar RFID, wato gane kaya ta igiyar rediyo, daga na'ura suke fara kashe kuɗi. A sayo na'urar karantawa mai tsada, a yi odar sitika dubbai, sai ranar da aka manna su a jikin kaya a ga wasu suna amsawa wasu sun yi shiru. Na'urar kuwa lafiyarta ƙalau. Laifin na sitikar ne da abin da aka liƙa ta a kai.

Sitikar RFID ɗan cip ne ƙanƙane haɗe da siririyar eriya, a cikin takarda ko roba. Irin da aka fi amfani da ita ba ta da batir. Na'urar karantawa ce ke aiko igiyar rediyo, sitikar ta sami wuta daga igiyar ta mayar da lambarta. Shi bakod sai an nuna shi ga na'ura, ɗaya bayan ɗaya. Ita wannan ko kwali a rufe yake ana iya ƙirga abin da ke ciki, ɗaruruwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan. Ribar daga nan take. Ƙidayar da ake yi sau ɗaya ko biyu a shekara saboda wahalarta sai ta koma ta kowane mako, ka daina sayo abin da kake da shi a lungu, ka daina ce wa mai saye akwai alhali ya ƙare. Wannan ne ya sa Walmart, babban kamfanin kantuna na Amurka, ta sanar a 2003 cewa manyan masu kawo mata kaya guda 100 su fara sa sitika a kwalayensu daga Janairun 2005, kuma kamfanin tufafi na Zara da na kayan wasanni na Decathlon suke sa ta a jikin kayan da suke sayarwa.

Zaɓi tambaya ɗaya

Kafin ka kira mai sayar da na'ura, rubuta abin da kake son sani a jimla guda. Nawa ne a kan kanta? Me ya fita ta ƙofar lodi yau? Ina kwamfutocin ofis suke? Kowace tambaya da kayan aikinta. Ta farko na'urar hannu ta wadatar da ita, kuma da ita ya kamata kowa ya fara. Kafa eriyoyi a ƙofa aiki ne na daban, a bar shi sai an ga amfanin na farkon.

Zangon igiya

Don kayan sito, UHF za ka ɗauka, wato tsakanin megahaz 860 da 960, mai bin EPC Gen2, ƙa'idar da sitika da na'ura ke bi su fahimci juna. Ita ce ke karantawa daga nisan mita da dama. HF mai megahaz 13.56 ta katin buɗe ƙofa ce da littattafan laburare, sai an kusanto da ita. LF kuma, wajen kilohaz 125 zuwa 134, an fi saka ta a jikin dabbobi. Abin lura guda: Turai tana aiki da 865 zuwa 868, Amurka da 902 zuwa 928. Na'urar da aka saita wa wani yanki tana iya saɓa wa dokar ƙasarka, don haka ka tambayi hukumar sadarwa kafin ka biya kuɗi.

Gwajin sitika, inda ake faɗuwa

Igiyar UHF tana da maƙiya biyu, ƙarfe da ruwa. Ƙarfe yana mayar da igiyar baya, kuma idan sitikar takarda ta kwanta a jikinsa eriyarta ta daina aiki gaba ɗaya. Ruwa shanye igiyar yake yi. Kowa ya san wannan a baki, amma a aikace ana mantawa da inda suke ɓuya. Takardar gwangwani da ke cikin ledar biskit ƙarfe ce. Bayan katin ƙwayar magani ƙarfe ne. Man shafawa, sabulun ruwa, ɗanyen katako, kwalin da ya sha danshi, duk ruwa ne a wajen igiya. Jikin ma'aikacin da ya tsaya tsakanin na'ura da kanta ma haka.

Saboda haka kada ka yarda da nisan da aka rubuta a takardar sitika. A sarari aka auna shi, babu komai a kusa. Nemi samfuri iri biyar ko shida, kowane iri guda ashirin. Mai sayarwar da ya ƙi ba da samfuri, ka nemi wani. Sannan ka zaɓo kayanka mafiya taurin kai, masu ruwa, masu ƙarfe da waɗanda ake cunkusawa a kwali. Riga da takalmi ba sa buƙatar dogon gwaji, kusan kowace sitika tana yi musu.

A kan kowane kaya ka gwada wuri uku: sama, gefe, da kusa da inda iska take a cikin kwalin. A kwalba, wuyanta da ke sama da ruwan ya fi cikinta nesa ba kusa ba. Akwai sitikar da ake manna rabinta, rabin ya tsaya kamar tuta, an yi ta ne don irin wannan. Ja layi a ƙasa duk bayan rabin mita, ka riƙa ja da baya har sitikar ta yi shiru, ka rubuta. Sai ka dawo mita biyu ka riƙa rage ƙarfin na'urar. Da dBm ake auna ƙarfin, yawancin na'urori suna kaiwa dBm 30, wato wat ɗaya, kuma duk dBm 3 da ka rage ka raba ƙarfin biyu ke nan. Sitikar da ba ta amsawa sai a 30 ka jefar da ita, domin ranar da aka yi danshi ko aka juya kwalin ba za ka ji ta ba. Wadda ke amsawa a 24 tana da rara.

Nan ne kuma ake yin kuskure na biyu: a gwada guda ɗaya a kan tebur, a ce an gama. Cika kwalin yadda ake cika shi, ka jera kwalayen yadda ake jera su, ka nemi wanda ke tsakiya. Sitikoki idan suka haɗu fuska da fuska suna kashe juna, abin da ke faruwa da fayil-fayil da kayan da aka ninke aka tula. Maganinsa a canza wurin mannawa yadda za su sami tazara ko da ta yatsu biyu ce. Ka kuma juya kayan a tsaye da a kwance. Eriyar da igiyarta ke tafiya a miƙe ta fi nisa amma tana son sitika ta fuskance ta ta hanya ɗaya. Mai juya igiya nisanta bai kai ba, sai dai ba ruwanta da yadda aka ajiye kaya, kuma a sito ba wanda ke ajiye kaya yadda aka ce masa. Mai juya igiyar za ka saya.

Don injuna, kwamfutoci, tukwanen gas da kayan gyara, akwai sitika ta musamman mai ɗan kauri da ke raba eriya da ƙarfen. Kuɗinta ya ninka na takarda sau da yawa. Wasu suna dabarar sa soso a ƙarƙashin ta takarda, yana ɗan yi, amma daga wannan injin zuwa wancan sakamakon yana bambanta, kuma kadarar da za ta yi shekaru ba wurin tsimi ba ce. A wurin zafi ko mai, gam yana sakin jiki, sai a ɗaure da kusa ko waya.

Lambar da za ka rubuta

Gurbin lambar EPC, wato lambar da ake rubutawa a cikin cip, yawanci bit 96 ne, haruffa da lambobi 24. Kada ka dogara da lambar da sitika ta zo da ita, wani lokaci naɗi guda duk lamba ɗaya ce, sai na'ura ta ga kaya ɗari ta ce ɗaya ne. Idan kayanka za su je hannun wasu kamfanoni, bi tsarin SGTIN na GS1, ƙungiyar da ke tsara lambobin bakod, tsarin da ke haɗa lambar nau'in kaya da lambar wannan guda ɗin shi kaɗai. Suna, farashi da ranar shigowa duk su zauna a manhaja, ba a cikin cip ba. Ka kulle lambar da kalmar sirri bayan rubutawa. A fuskar sitikar kuma a buga bakod da lambar da ido zai karanta, don ranar da cip ya mutu. Firintar RFID tana yi wa sitikar da ta ƙi karɓar rubutu alama, ka gaya wa ma'aikata kada su manna irin wannan.

Ƙofa

A nan matsalar juyewa take yi, na'ura ta riƙa jin abin da ba a tambaye ta ba. Kayan da ke jingine kusa da ƙofa kullum ana rubuta sun fita. Ƙofar ƙarfe tana cilla igiya can cikin sito. Har naɗin sitikar da aka buga aka bari a durowar tebur ana ƙirga shi a matsayin kaya, shi ya sa ake ajiye shi a akwatin ƙarfe. Rage ƙarfi, karkatar da eriyoyin ƙasa, ka shafa fenti a ƙasa inda ba a yarda a ajiye komai ba. Wayar eriya ta zama gajera, doguwa tana cin ƙarfi. Eriya kuma ba ta san shiga da fita ba, sai ka haɗa mata da na'urar hasken da ke gane wucewar kaya, ko ka jera eriya biyu, ciki da waje, manhaja ta duba wadda ta fara ji.

Sauran aikin na manhaja ne da mutane. Haɗa karatun da manhajar lissafin kayan da kake da ita, kada a sami littafi biyu. Fara da sashe ɗaya, ka yi wata guda ana ƙidayar hannu da ta na'ura tare, duk inda suka saɓa a je a duba dalili. Motoci da manyan kaya a fili sai sitika mai batir, tana kai mita ɗari amma batirinta yana ƙarewa, a rubuta ranar canji. Kayan da aka sayar a cire lambarsu daga lissafi nan take, waɗanda aka dawo da su kuma a mayar, kwalayen da babu komai ciki a ɓare sitikarsu kafin a tara su a bayan sito.