Darasi na Shida: Tambayar da Ke Sa Ɗalibi Tunani

Malam, mutanen da ke gabanka a ajin yaƙi da jahilci sun zo da iliminsu a ka. Wani ya shekara talatin yana noma. Wata tana riƙe da lissafin adashin mata ashirin ba tare da alƙalami ba. Karatu da rubutu ne suka zo nema, kuma irin tambayar da kake yi ita ce za ta nuna ko ka ɗauke su manya.

Rubuta "wake" a kan allo. Ka tambaya, "Gaɓa nawa ce a wannan kalma?" Za su ce biyu, wa da ke. Wannan rufaffiyar tambaya ce, amsarta ɗaya tak. Tana da amfani wajen koyon baƙi da wasali, kada ka raina ta. Amma da an amsa ta, magana ta mutu.

To, sai ka juyo ka ce, "Me ya sa wake ke araha da kaka, ya yi tsada kafin damina?"

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne ya fi wuya ga malami. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta auna a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan tambaya, kuma idan suka kai daƙiƙa uku, amsoshi kan yi tsawo, masu magana su ƙaru. Babban mutum ma ya fi yaro buƙatar wannan lokacin, domin ba ya son ya faɗi abin da zai ba shi kunya a gaban sa'o'insa. Ƙirga biyar a zuci kafin ka sake buɗe baki.

Wataƙila wani dattijo ya ce bashi ne ke sa manomi ya kai buhunsa kasuwa da wuri. Kada ka ce "daidai" ka wuce. Ce masa, "Baba, ta yaya kuka gane haka?" Sannan ka waiwayi wata, "Hajiya, ku fa, me kuka gani a gidanku?" Tana iya cewa ƙwari ne, waken da aka ajiye wata biyu sai ka tarar duk ya huje, ya zama gari a gindin buhu. Wani kuma ya kawo zancen 'yan kasuwa masu saye su tara a shaguna irin na Dawanau a Kano. Ka ga dalilai uku sun fito, kuma babu wanda ya fito daga bakinka.

Yanzu ka matsa kaɗan: "Da a ce ƙwari ba sa taɓa wake, wa zai ci riba?" A nan ne wani zai tuna buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ake ɗaurewa tam har iska ta ƙare wa ƙwarin su mutu ba tare da an zuba magani ba. Wani ya ce ai ko da buhun, mai bashi ba zai jira ba. Bar su su yi musu, kai dai ka tabbata mutum ɗaya bai cinye zancen ba. Idan an faɗi abin da ba haka yake ba, kada ka gwale mai maganar, tambayi aji ko akwai wanda ya ga akasin haka.

Haka wani masanin ilimin manya, Paulo Freire, ya yi a garin Angicos na ƙasar Brazil a 1963, inda ma'aikata kusan 300 suka koyi karatu daga kalmomin rayuwarsu, da hotuna, da tambayoyi.

Kafin a tashi, zaɓi kalmomi daga bakinsu ka rubuta: bashi, buhu, kaka, riba. Kowa ya kwafa a littafinsa, ya gwada haɗa jimla guda. Don darasin gobe, ka shirya kalmar "rijiya" da tambayoyi biyu, ɗaya ta fara da "me ya sa", ɗaya da "da a ce".