Kurakuran da aka fi yi wajen sayen tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu

Kuskure na farko shi ne sayen suna. Mutum ya ji ana yabon Land Cruiser 80, wadda Toyota ta fito da ita a 1990, sai ya biya kuɗi ido rufe. Gaskiya ne injinta na dizal 1HZ mai lita 4.2 yana da juriya, haka ma TD42 na Nissan Patrol. Amma motar da ta yi kusan shekara 30 tana aiki, halin wanda ya riƙe ta ne a jikinta.

Saboda haka ka bar kallon fenti, ka kwanta a ƙarƙashinta da tocila. Inji ana gyara shi, giya ana sauya ta, amma shasi, wato ƙarfen da gangar jikin motar ke zaune a kai, in tsatsa ta cinye shi ya gama yawo. Ka ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma, musamman inda sifirin ke kamawa da kuma ta baya, inda laka ke maƙalewa ta riƙe danshi. Idan ka ga sabon baƙin fenti a shasi, ka tambayi abin da aka rufe. Ka sa a buɗe murfin wurin zuba man aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama: in man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, ke nan an sha tsallaka rafi da ita ba a sauya mai ba.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar duk motar da ke juya tayoyi huɗu a matsayin motar daji. RAV4 da CR-V ba su da ƙaramar giyar nan ta 4L, wadda ke ba mota ƙarfin hawan dutse ko fita daga laka a hankali ba tare da ƙona kuloci ba. In ma akwai 4L, kada ka yarda da baki, ka saka ta da hannunka. Sai dai a kan hanyar ƙasa za ka gwada, ba kwalta ba. Tsofaffin Hilux da Patrol, idan aka saka musu ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, giyarsu takan ɗaure.

Ka je da sassafe ka tada injin yana sanyi, don mai sayarwa mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso. Ka tambayi ranar da aka sauya bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita bugun inji, domin na 1HZ ana sauya shi ne duk kilomita 100,000.

Motar da aka ɗaga ta sama aka sa mata manyan tayoyi tana ɗaukar ido, ni kam ba ta burge ni. Manyan tayoyi suna gajiyar da aksil da birki, ɗagawar kuma tana ƙara haɗarin kifewa. Gara wadda aka bari yadda ta fito.

Kuma kada ka ƙarar da kuɗinka a kan saye. Tayoyi, lagireto da birki suna jiranka, kuma kafin ka biya ka tabbata bakanikenka ya san motar, kayan gyaranta kuma suna samuwa a inda kake.