Yadda Ake Kashe Wuta da Jar Tukunyar Kashe Gobara

Tun shigowar hunturu 'yan kasuwar Sabon Gari ke tare ni da tambaya ɗaya: "Yallaɓai, tukunyar nan da muka rataye a shago, yaya ake aiki da ita?" A aikinmu na kwana-kwana na sha tarar da ita cike, shago ya zama toka. Abin yana ci mini rai. Ga yadda ake yi:

1. Ɗaga murya, kowa ya fita.
2. Sa wani ya kira 112, lambar kiran gaggawa.
3. Kashe lantarki daga babban makunni.
4. Duba allurar ɗan agogon da ke jikin tukunyar, ta kasance kan kore.
5. Tsaya kamar taku uku daga wutar, ƙofa tana bayanka.
6. Zare fil ɗin da ke wuyanta.
7. Auna bakin tiyo a gindin wutar.

Hattara: nan ake kuskure. Firgici kan sa mutum ya bi harshen wuta sama, hodar da ke cikin tukunyar ta tafi a banza, alhali ba ta kai minti ɗaya take ƙarewa.

8. Matse hannun tukunyar.
9. Kaɗa tiyon hagu da dama.

Kul: kada a watsa ruwa kan fetur ko wayar lantarki.

10. In hayaƙi ya turnuƙe, sunkuya ka fice, ka ja ƙofa.