Kafin ku tsorata da awon hawan jini

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ga masu cewa jininsu na hawa a asibiti amma a gida lafiya lau: fargaba kaɗai na iya jawo hakan. Da zarar gaba ya faɗi, jiki na sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara bugu, jijiyoyin jini su tsuke, lamba ta hau. Ga doguwar tafiya cikin rana, ga zaman layi, ga ganin likita.

Idan kuna da na'urar awo a gida, ku zauna shiru minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai da ƙirji. Ku yi fitsari kafin nan, kuma ban da goro, shayi, kofi ko sigari na rabin awa. Ban da hira ana awo. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, har kwana 7, a rubuta a kai wa likita. A asibiti ana lissafin hawan jini daga 140/90, a gida kuwa daga 135/85.

Abin da na fi ƙi shi ne maimaita awo sau goma don an ga lamba ta hau. Tsoron ne ke ƙara ɗaga ta.

Don Allah kada kowa ya bar shan magani don awon gida ya yi kyau, sai likita ya ce. Idan kuwa ya kai 180/120 tare da ciwon ƙirji, dishi-dishin gani ko shanyewar ɓarin jiki, a tafi asibiti nan take.