Yadda ake shafa ruwan ƙyalli da toya kayan yumɓu a salon raku

Raku daga birnin Kiyoto na Japan ya fito, a ƙarni na 16, inda wani magini mai suna Cojiro ya riƙa gina kofunan shayi da hannu don gwanin shayin nan Sen no Rikyu. Salon da aka fi yi yau a wuraren aikin haɗin gwiwa, na jefa tukunya da zafinta cikin garin katako, Ba'amurke Paul Soldner ne ya yaɗa shi tun wajen 1960. Shi za mu bi a nan.

Fara daga yumɓun. Tukunyar raku tana fitowa daga zafin kusan digiri 1,000 a ma'aunin Salsiyas zuwa iskar waje cikin ƙiftawar ido, kuma lallausan yumɓu ba ya jure haka. A cuɗa shi da niƙaƙƙen tsingaro ko yashi, a gina kaurin jikin ya zo daidai ko'ina. In ya bushe sarai a yi masa toyin farko ba ƙyalli, a bar shi ya huce.

Sai ƙyallin. Garin gilashi ne mai saurin narkewa, ana dama shi da ruwa har ya yi kaurin kunu. Goge ƙura da ɗanyen soso, sannan ka shafa kakin zuma a gindin tukunyar don kada ƙyallin ya kama wurin ya manne ta da matoya, wato murhun da ake toya ta a ciki. Za ka iya tsoma ta, ko ka kwarara mata, ko ka bi da buroshi sau biyu zuwa uku. Farin ƙyalli yana son kauri, domin shi ke ba da tsagar nan mai kama da saƙar gizo. Mai jan ƙarfe a ciki kuwa shi ke fitar da kore da ja mai walƙiya. Duk inda ka bari tsirara baƙi zai zama, don haka ka bar shi da niyya. Ƙyalli mai dalma dai kada ya shigo wurin.

Bar ta ta kwana. Nan masu gaggawa ke asara: ɗan danshin da ya rage zai zama tururi ya fasa tukunyar, tarwatsinta kuma ya lalata na maƙwabta.

Kafin a kunna gas ɗin matoya, a raba aiki. A ganina wannan ya fi kowane mataki nauyi. Mutum ɗaya zai ɗaga murfin matoya, ɗaya ya riƙe dogon awartaki, ɗaya ya tsaya kan bokitan ƙarfe masu murfi da aka shimfiɗa wa garin katako ko yagaggiyar jarida. A gwada tafiyar tun wuta ba ta kama ba, a share hanya, a ajiye ruwa kusa. A fili ake yi. Kowa ya sa safar hannu ta fata, da rufaffen takalmi, da tufar auduga. Yadin roba narkewa yake ya manne a jiki. Mai mayafi ko babbar riga ya tattare su.

Toyin kan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya. A fara da ƙaramar wuta. Ka riƙa leƙawa ta kafar matoya: da farko ƙyallin zai yi kumfa, ya kukkumbura kamar ya lalace. Kada ka firgita. Jira ya kwanta ya yi sumul, yana sheƙi kamar an jiƙa shi. To ya nuna.

A kashe gas, a ɗaga murfi. Kama tukunyar a inda ta fi ƙwari, ba a leɓe ba. In farar ce, tsayar da ita a iska 'yan daƙiƙoƙi. Za ka ji tana ƙara ƙyas-ƙyas, ƙyallin ne ke tsagewa. Mai jan ƙarfe kuwa ba ta jira, kai ta bokiti nan take. Garin katakon zai kama da wuta, a ƙara watsa wani a kai, a rufe ruf. Wutar da aka toshe wa iska tana zuƙe iskar da ke cikin ƙyallin, shi ya sa jan ƙarfen ke bayyana, hayaƙin kuma ya shige tsagogin ya baƙanta su. A ba ta minti 15 zuwa 20. Wajen buɗewa ka kawar da fuska, don wuta kan tashi da ta shaƙi iska.

Fitar da ita ta huce. Wasu na tsoma ta a ruwa, amma mai ƙunƙuntar baki kan fashe, gara a yi mata haƙuri. Daga nan sai soso da ruwa, a cuɗe baƙin har launin ya fito.

Kayan raku na wannan salon na ado ne: jikinsu na tsotsar ruwa, ƙyallin a tsage yake, jan ƙarfen kuma kan saki cikin abu mai tsami. Kada a ci ko a sha a ciki. In furanni za a sa, a zura ƙaramar kwalba a ciki ta riƙe ruwan.