Ga 'yan Damagaram masu shirin Faris: shiga lambu kyauta ne, amma kada ku fita babu takarda

Duk hutun da na zo gida sai samari sun same ni a fadarmu ta Zango da tambayoyi iri ɗaya: nawa ne kuɗin jirgi, wace riga ce ke tare sanyi, ina ake samun gero. Waɗannan ba su da wuya, cikin mako guda 'yan uwa za su nuna muku. Ba a taɓa tambayata inda mutum zai kai ransa in ɗaki ya ishe shi ba, alhali ɗakin ɗalibi a Faris sau da yawa murabba'in mita 9 ne, iyakar ƙanƙantar da doka ta yarda a ba da haya. Wanda ya tashi a gida mai zaure da tsakar gida, in ya kulle kansa a nan wata uku, sai ya fara magana shi kaɗai.

Ku fita lambu, ƙannena, ba a biyan ko sisi. Tuileries yana tsakanin gidan tarihi na Louvre da dandalin Concorde, tun 1564 aka kafa shi. Luxembourg na hannun majalisar dattawa, an fara shi a 1612, cike da korayen kujerun ƙarfe da kowa ke ja zuwa inda rana take ya zauna. Mai son hawa da gangara ya nufi Buttes-Chaumont. Ni dai na fi son Jardin des Plantes, don Babban Masallacin Faris, wanda aka buɗe a 1926, yana tsallaken titi: ka yi La'asar, ka shiga cikin itatuwa. Ga famfunan Wallace masu launin kore a tituna, ruwan sha kyauta, abin da ɗan Zinder da ya san layin garuwa zai tsaya ya kalla sau biyu.

Maganar mutum-mutumi kuwa, ku shirya idonku. Na mai sassaƙa Maillol da ke kusa da Louvre mata ne, yawancinsu na tagulla kuma babu ko ɗan zane a jikinsu. Ba wanda ke bauta musu, aikin hannu ne kamar yadda magina ke ƙawata bangon gidajen Birni. In abin bai kwanta maka ba, kau da kai ka wuce. Abin da ke ba ni haushi shi ne wanda ya gama salati da a'uzubillahi, sannan ya haye gindin abin ya ɗauki hoton da zai sa a Facebook. Ba a hawa, ba a tsinkar fure, a Luxembourg ma yawancin ciyawar ba a taka ta. Kada ka ɗauki ɗan wani ka yi masa wasa kamar a gida, kada ka yi masa hoto. In ka ji usur da yamma, masu gadi ne za su rufe ƙofa, kuma da hunturu tun wajen ƙarfe 5 ake fara korar mutane.

Yanzu ga inda ake shan wuya. Tun da Faransa ta rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024, wanda ya samu biza ya ga ta kansa kafin ya samu, shi ya sa da ya sauka sai ya ɗauka an gama. Bizar dogon zama sai an tabbatar da ita ta intanet cikin wata 3 da isowa, in ba haka ba zamanka ya fita daga doka kana zaune ba ka sani ba. Sabunta takardar zama, wadda suke kira titre de séjour, ana neman sa ne tsakanin wata 4 da wata 2 kafin ta ƙare. Namu kuwa sai saura kwana goma su kira ni, wai "Yaya, me za a yi?" Doka ta wajabta wa baƙo ya iya nuna shaidar zamansa in 'yan sanda sun tambaya, kuma suna da ikon riƙe mutum har awa 24 don su bincika. Yawancin tsayarwar a bakin metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa na cikin birni) ne da tashoshin jirgin ƙasa, wato kan hanyarka ta zuwa shan iskar.

Akwai shekarar da na miƙa takarduna kan kari, aka bar ni ina jira har tsohuwar ta mutu. Wasiƙa ba amsa, waya ba mai ɗauka. Ran wata Lahadi aka tsayar da ni ina fitowa daga metro da burodi a hannu. Abin da ya cece ni 'yar takardar shaidar cewa ana kan duba fayil ɗina, wadda na buga na ninke cikin fasfo. Wani yaro da aka tsayar tare da ni tasa na cikin waya, wayar kuma caji ya ƙare. A ofishinsu ya yini. Don haka ku buga komai a takarda, ku bar kwafi wajen wani ɗan uwa, ku riƙe lambarsa da ka.

Nan kam ina alfahari da mutanenmu. In aka ji ɗan Damagaram ya shiga matsala, kafin dare an samu mai rakiya, an samu mai fassara masa wasiƙar hukuma, an aiko masa da tuwo. Sai dai kada ka ɓace wata shida ba ko gaisuwa, sai ran da ta ɓaci ka tuna da mu. Da rani mukan haɗu ran Lahadi a babban lambun La Courneuve, can arewa da birni, inda ake barin mutane su baje a ciyawa. Kowa na zuwa da abin da ya dafa, wanda ya dawo daga gida kwanan nan shi ke kawo kilishi. Sabon zuwa ya taho da takardunsa duka cikin ambulan, akwai dattijan da za su duba masa ranakun kafin a zuba abinci.